A duba halin yaro kafin a zaɓa masa aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyaye da malamai.

Shekara tara na yi ina aikin akanta a wani ofis, don an ce nan rufin asiri yake. Albashi bai taɓa yankewa ba, amma kullum da safe sai in ji gabana ya faɗi. Yawan aiki bai dame ni ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a sa ni in gyara alƙaluma don su yi wa manya daɗi. Da na koma koyarwa albashina ya ragu, barcina kuwa ya dawo.

Tun 1959 John Holland, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya kawo ra'ayin cewa mutum ya fi samun gamsuwa a aikin da ya dace da halinsa: wani aikin hannu, wani bincike, wani hulɗa da jama'a.

Don Allah, kafin a ce wa yaro "likita za ka zama", a lura da abin da yake yi ba tare da an sa shi ba, a kuma tambaye shi abin da ba zai taɓa aikatawa ba ko nawa za a biya shi.

Naka,
Wani malamin makaranta