Masu hasashen kasuwancin intanet su leƙo tashar mota

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan masu hasashen inda kasuwancin intanet ya dosa, domin har yau ina ganin ba sa duba yadda mu ƴan kasuwa muke ciniki a zahiri.

Lokacin da aka kafa shagunan intanet na Jumia da Konga a 2012 cewa aka riƙa yi nan gaba kowa a manyan shagunan intanet zai yi sayayya, masu kuɗi na waje suka yi ta zuba jari. Jumia ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a Afrilun 2019, farashi ya yi sama sosai, amma shekarar ba ta ƙare ba sai da ya faɗo ƙasa da yadda aka fara sayarwa, ita kuwa Konga tun 2018 kamfanin Zinox ya saye ta. To ina kuɗin ya koma? Harkar biyan kuɗi. Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Amurka, ya sayi takwaransa Paystack na Najeriya a 2020 kan sama da dala miliyan 200, sannan da aka shiga wahalar takardun naira a farkon 2023 kowa ya gani da idonsa, mai shayi da mai nama da mai kayan miya duk suka koma OPay da Moniepoint, yanzu ko a lungu za ka ji ana cewa "turo ta transfa".

Ni a nawa ganin abin da ya rage shi ne kai kaya, kuma can jari zai nufa. Yau mace tana ɗakinta za ta ɗora atamfa da leshi a sitatus na WhatsApp, a turo kuɗi cikin minti ɗaya, amma kayan fa? Sai an je tasha an roƙi direba, a rubuta lambar waya a jikin leda da alƙalamin maka, babu rasit babu inshora, in ya ɓata tsakanin Kano da Maiduguri sai dai a ce a yi haƙuri. Wallahi abin yana min ciwo, ciniki nawa ne yake lalacewa a haka.

Attajiranmu suna da motoci da sito, sun san shugabannin tasha, sun san hanya har Maraɗi da Damagaram. Su haɗa kai da yaranmu da suka iya manhaja a yi kamfanin da zai karɓi kaya ya ba da rasit, ya biya in sun ɓata, tun kafin wasu su zo daga Legas su yi.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano