A Riƙa Buga Sakamakon Dambe a Jarida

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina cikin masu rubutun sa kai a Wikipedia ta Hausa, da waya nake yi bayan sallar isha'i, kuma labarin wasanni na fi taɓawa. Ka ba ni fili in kawo kukana, domin maganinsa yana hannunku 'yan jarida.

Kwanakin baya wani ya rubuta cewa Kano Pillars ta ci gasar lig ta Najeriya sau biyar. Na mayar huɗu, ya dawo da biyar, na sake mayarwa. Da muka zauna tattaunawa na jera masa shekarun: 2008, 2012, 2013 da 2014. Ashe kofin 2019 yake haɗawa, wanda Pillars ta ɗauka a Kaduna bayan bugun fenariti da Niger Tornadoes, alhali wannan kofin ƙalubale ne. Jaridu sun buga duka, ya gani da idonsa, ya yi godiya, magana ta mutu a daren.

Amma da na rubuta tarihin wani tsohon ɗan dambe na ɓangaren Kudu, sai da muka yi sati uku muna ja da wani abokin aiki. Na rubuta cewa ya kashe abokin karawarsa a turmi na biyu. Ya goge, ya sa "ya doke", wai kada mai karatu ya ɗauka rai aka rasa. Na ce masa a gidan dambe kisa ake cewa, duk wanda aka kai ƙasa an kashe shi, ko da zai miƙe ya kakkaɓe ƙura ya yi dariya. Wannan ya yarda. Sai ya ce to ina madogara? Wace jarida ta buga?

Nan bakina ya mutu. Ina wurin aka yi damben nan, a bayan makaɗa nake tsaye, na ga lokacin da ake naɗa masa zare a hannu yana taunar goro, na ga faɗuwar. Amma doka ta ce "na gani" ba hujja ba ce, sai abin da aka wallafa. Raina ya ɓaci sosai da aka cire sakin layin, sai dai ban ga laifinsa ba. In aka bar kowa ya rubuta abin da ya ji, ɗan Guramaɗa zai ce nasu bai taɓa faɗuwa ba, ɗan Arewa ma haka, kirari ya koma tarihi.

Ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Ajantina a 2014 babu mai musu a kansu. Shahararren ɗan dambe Shago kuwa, da bakin mawaƙi Ɗan Anace bai riƙe mana shi ba, me za mu nuna wa yara? Ko ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano da ta ci lig a 1978, da ƙyar za ka haɗa sunayen 'yan wasanta a rubuce.

Roƙona ɗan kaɗan ne. Ku tura wakili gidan damben Ado Bayero Square a Kano da na Dei-Dei a Abuja, ku ware ko rabin shafi duk Juma'a: rana, wuri, sunan ɗan wasa da ɓangarensa, wa ya kashe wa, a turmi na nawa, wane wasa aka tashi babu kisa. Ku kuma nemi tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu ku yi hira da su tun suna raye. Wanda na rubuta tarihinsa yanzu da sanda yake zuwa masallaci.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano