Ba sanyi ne ke kashe mana 'yan tsaki a cikin ƙwai ba, bushewar iska ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya kuma hazo. Don Allah ku ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu in yi magana da 'yan uwana masu kiwon kaji a gida, musamman waɗanda suka sayi ɗan injin ƙyanƙyasar nan na roba mai cin ƙwai 48 ko 56 da yanzu ya cika gari, ana ta tallansa a Facebook da WhatsApp wai kai dai ka zuba ƙwai ka jona wuta, bayan kwana 21 ka zo da kwali ka kwashi 'yan tsaki. Wallahi ba haka abin yake ba, balle a hunturu.

Ni malamin firamare ne a nan Zariya, kiwon ma na fara shi ne don albashi ba ya kai ni ƙarshen wata. Bara a Disamba na cika injina da ƙwai 56, na kajina da waɗanda na sayo wajen maƙwabta, ina ta lissafin zakarun da zan sayar da Babbar Sallah. Duk tsorona a lokacin sanyi ne, don kun san sanyin Zariya da asuba ba ya wasa, sai na kai injin ƙuryar ɗaki na lulluɓe shi da bargo har biyu na rufe tagogi. Ranar 21 na ji ƙyu ƙyu ƙyu na ce Alhamdulillahi, amma ina, guda 11 kacal suka fito. Sauran wasu sun tsaga ɓawon har ana ganin ɗan bakin yana motsi, a haka suka kwana suka wuni suka mutu a ciki. Da na fasa sai na ga ɗan tsako cikakke da gashinsa da komai, amma tantanin nan na ciki ya bushe ya koma kamar takarda ya manne masa a jiki, ko juyawa bai iya yi ba balle ya zagaye ɓawon ya fasa. Ranar ko tuwo ban ci ba. Na kira wanda ya sayar min da injin ya ce wai ƙwan ne ba kyau. Ƙwan da ba kyau ne zai yi ɗan tsako har da gashi?

Mahaifiyata ce ta fara ɗago ni. Ta leƙo ta ga abin da ya faru ta ce, kai yanzu ba ka ga ƙafarka yadda ta yi faso ba, leɓenka ma sai da man kaɗanya, to shi ƙwan wa ya shafa masa? Ta ce ka taɓa lura inda kazar gidan nan ke zuwa kwanci, ba bayan randa ba ne? Na yi dariya a lokacin amma da na je na tambayi wani likitan dabbobi ashe maganarta ce, turanci kawai ya ƙara mata.

Abin da ya faɗa min kuma na gwada na gani shi ne, ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi dubbai da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga ta nan kuma ruwan cikinsa ke fita a hankali, ana so zuwa kwana 18 ƙwan ya rage wajen kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa, ba fiye ba. Shi ya sa ake so laimar cikin injin, wato danshin iskar da ke ciki, ta tsaya kusan kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, sannan kwana ukun ƙarshe a ɗaga ta zuwa 65 ko 70. To mu a hunturu da na sayo ɗan ma'aunin laima na ajiye a ɗakina, da rana kashi 18 kacal ya nuna min, wato iskar da fankar injin ke jawowa busasshiya ce ƙayau, ɗan ramin ruwan da ke ƙasan injin kafin ka dawo daga makaranta ya ƙafe. Su waɗanda suka ƙera shi ba su san hazo ba. Ni yanzu faranti mai faɗi nake ƙarawa da soso biyu a jiƙe, don faɗin fuskar ruwan ne ke ba da laima ba zurfinsa ba, kofi cike da ruwa bai kai faranti mai ruwa kaɗan amfani ba. Kuma ruwan ya zama mai ɗumi, kar ka ɗebo na randa da asuba ka zuba, zafin injin zai faɗi. Ni har ɗan tiyo na drip na zura ta ƙofar iska ina ɗura ruwan da sirinji don kar in riƙa buɗe murfi.

Buɗe murfin nan kuwa shi ne babban laifina na bara, dole in faɗi gaskiya. Da na ga sun fara tsagawa duk bayan minti kaɗan sai na buɗe in leƙa, yara ma su zo su ce Baba mu gani, ga maƙwabta, kowace buɗewa laimar da aka tara ta gudu busasshiyar iska ta shiga. Alhali daga kwana 18 an daina juya ƙwai an rufe ke nan sai an gama, kuma ɗan tsako daga tsagawa zuwa fitowa yana iya ɗaukar awa 12 har 24, hutawa yake yi ba makalewa ba. Wanda ya riga ya fito ma ba ya bukatar ka, gwaiduwar da ya shanye a cikinsa za ta riƙe shi kwana ɗaya zuwa biyu ba ci ba sha, bar shi ya bushe a ciki.

Bargon da na lafta masa shi ma kuskure ne, don na toshe ƙofofin iska, su kuma a makon ƙarshe numfashi suke sosai. Bargo sai an ɗauke wuta.

Maganar wuta kam kowa ya sani ba sai na ɓata muku takarda ba. Abin da zan ce kawai, wanda ba shi da batir ko ɗan sola kar ya zuba ƙwai yana dogaro da wutar gari. Da yawan ƙananan injinan nan suna da wajen jona batir mai 12V, a tambaya kafin a saya. In wuta ta tafi cikin dare ba ka da komai, ka rufe shi da bargo ka jera robobin ruwan ɗumi a gefe, kar ka buɗe. Awa biyu uku ba ya kashe ƙwai, sai dai ya jinkirta fitowa, ni na taɓa samun waɗanda sai kwana 22 suka fito lafiya lau. Zafi ne ba ya yafiya. Ana so zafin injin ya zauna a digiri 37.5, in ya haura 40 ya daɗe a haka to sai haƙuri. Shi ya sa ni a ganina hunturu ya fi bazara daɗin ƙyanƙyasa nesa ba kusa ba, don injin ya iya ɗumamawa amma bai iya sanyayawa ba, a Afrilu ɗaki mai rufin kwano shi kansa ya isa ya dafa maka ƙwai. Ga shi kuma a sanyi ƙwan da kake tarawa ba ya saurin lalacewa, duk da haka kar ya wuce mako guda, ka jera shi tsinin yana ƙasa, kar kuma ka wanke shi. Lambar da injin ke nunawa ma kar ka yarda da ita ɗari bisa ɗari, nawa da na saka ma'aunin zafi na kemis a ciki na tarar akwai bambancin kusan rabin digiri.

Wani abokin aikina ya ba ni dariya, ya sayo kiret guda na ƙwan gidan gona a bakin kasuwa ya zuba, yana jira. Na ce malam waɗancan kajin a keji suke ko zakara ba su taɓa gani ba, ko shekara za ka yi ba abin da zai fito. Ƙwan ƙyanƙyasa sai inda akwai zakara, ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Kuma a kwana 7 zuwa 10 ka kashe fitila ka haska kowanne da tocilan waya, mai rai za ka ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, wanda ya fito fes ba komai ka cire shi tun bai zama baragurbi ya fashe maka a ciki ba. Da wannan hasken ne ma za ka ga ramin iskar da ke gefen mai faɗi, in ya yi girma da wuri to ruwa ya yi kaɗan. Masu tambayata ƙwan zabi kuma su jira damina, lokacin ne suke yi, kuma shi sai ya kai kwana 26 zuwa 28.

Inda sanyi ke kisa da gaske shi ne bayan sun fito. Makon farko suna son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kaɗan kaɗan duk mako. In ka ga sun dunƙule waje guda suna kuka suna hawa kan juna sanyi suke ji, na ƙasa su ke mutuwa. Ni kaskon gawayi nake sawa a cikin tukunyar ƙasa, amma sai garwashin ya kama sosai a waje hayaƙi ya ƙare, kuma a bar kafar iska. Sannan hunturu shi ne lokacin annobar nan ta Newcastle mai share akurki, kar a yi wasa da rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin allurar kuma ana samu a shagunan maganin dabbobi, Lasota sunanta, akwai kuma ta wata cutar daban mai suna Gumboro, a dai tambayi likita kwanakin da ake bayarwa kuma a tabbatar daga firij aka ɗauko.

Roƙona gare ku Edita, a shafinku na noma da kiwo ku samo mana masana daga NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke nan Shika, ko malaman jami'ar Ahmadu Bello su yi bayanin nan da Hausa tun kafin sanyi ya shigo, don takardar da ke zuwa cikin kwalin injin da turanci take, wata ma da rubutun Sin, mata da yawa da kuɗin adashi suka saya, ba wanda ya ce musu komai game da laima. Su ma masu sayarwa su ji tsoron Allah su riƙa haɗa wa mutane da ma'auni.

Zubina na Janairu bayan na gyara, 41 suka fito cikin 50. Yanzu haka akwai wasu a ciki yau kwanansu 16, jibi zan cire abin juyawa in ƙara soso, na kuma gaya wa yara duk wanda ya taɓa murfin nan ni da shi ne.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Zariya