Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Game Da Yaƙe-yaƙen Littafin Joshuwa

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya. Bayan haka, tambayarka ta iso gare ni, wato yadda Allah mai ƙauna zai umarci Isra'ilawa su hallaka Yariko, maza da mata, yara da tsofaffi, har da shanu da tumaki da jakuna, kamar yadda Joshuwa sura 6 ta faɗa. Ban ga laifinka ba. Wanda ya karanta wannan sura zuciyarsa ba ta sosu ba, shi nake ji wa tsoro.

Ba a kanka aka fara wannan tambaya ba. Wani mai suna Markiyon ya kasa haɗiye irin waɗannan surori har ya ce Allahn Tsohon Alkawari daban ne da Uban Yesu, ikkilisiyar Roma kuwa ta fitar da shi a shekara ta 144, domin Yesu da kansa da waɗannan littattafai ya yi wa'azi. Saboda haka ba mu da ikon yage shafin da ya yi mana nauyi.

Nassi ya ɗauki yaƙin Kan'ana a matsayin hukunci wanda aka daɗe ana jinkirta shi. A Farawa sura 15 Allah ya gaya wa Ibrahim cewa zuriyarsa za su yi shekara 400 a baƙuwar ƙasa, kuma ba za su komo ba tukuna domin muguntar Amoriyawa, mazaunan ƙasar Kan'ana, ba ta kai maƙura ba. Maimaitawar Shari'a 12:31 ta ce mutanen Kan'ana suna ƙona 'ya'yansu hadaya ga gumaka, a sura 9 kuma Musa ya kwaɓi jama'arsa kada su ce adalcinsu ne ya ba su ƙasar. Da mudun da aka auna wa Kan'aniyawa aka auna wa Isra'ila: an gargaɗe su cewa ƙasar za ta amayar da su idan suka bi wannan hanya, sai ga Assuriya ta ci Samariya a 722 kafin haihuwar Almasihu, Babila kuma ta rushe Urushalima a 586. Ko a yaƙin Yarikon ma, Rahab, karuwa 'yar garin, ta tsira da gidan ubanta har sunanta ya shiga jerin kakannin Yesu a Matiyu 1:5, alhali Akan, ɗan kabilar Yahuza, aka jajjefe shi da duwatsu domin ya ɗebi ganimar Yariko da aka haramta.

Ka kuma lura da yadda mutanen dā suke ba da labarin yaƙi. Joshuwa sura 10 ta ce an ci Hebron ba a bar kowa ba, amma a sura 15 ga Kalibu yana korar 'ya'yan Anak daga Hebron ɗin. Fir'auna Merneptah ma, wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Almasihu, ya sa an rubuta a dutse cewa Isra'ila ta ƙare ba ta da iri, ga shi kuwa ba ta ƙare ba. Kamar kirarin mayaƙanmu ne da ke cewa ba su bar ko kaza ba. Sai dai kada ka laɓe a bayan wannan, gama jini ya zuba da gaske, kuma ban yarda da mai wa'azin da ke karanta waɗannan ayoyi yana murmushi ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne wannan: umarnin nan an ɗaure shi ga al'ummai 7 da aka lissafa a Maimaitawar Shari'a sura 7, a ƙasa ɗaya, a zamani ɗaya, ba a bar wa kowa shi gado ba. Duk lokacin da aka kai hari a ƙauyukanmu aka binne mutane, za ka ji wani saurayi da idonsa ya rufe yana kiran maƙwabtansa Amalekawa, wato abokan gāban Isra'ila na dā. Kada ka zauna a inda ake wannan magana. Sa'ad da Yakubu da Yahaya suka nemi su kira wuta ta cinye wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, Yesu ya juya ya tsawata musu, a Getsamani kuma ya umarci Bitrus ya mayar da takobinsa kube. Neman kariyar hukuma da bin hakki a kotu ba su saɓa wa wannan ba. Ramuwa ce Bulus ya ce a bar wa Ubangiji a Romawa 12:19.

Idan ka zo hutu, ka riga ka karanta ƙarshen Joshuwa sura 5 mu tattauna a kai. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Ni ne mahaifinka.