Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Bauchi

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, maganata a kan wanke hannu ce a asibitocinmu, da kuma su wa ake koya wa.

Ka fi ni sanin cewa Bauchi na sahun gaba wajen zazzaɓin Lassa, tare da Ondo da Edo, kuma idan rani ya kama ko ma'aikatan lafiya cutar ba ta ƙyalewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 sukan kwashi wata cutar a cikin asibitin. Da yawan waɗannan cututtuka hannu ne ke kai su daga gado zuwa gado.

Ana taron bita, ban musa ba. Sai dai likitoci da manyan nas-nas ake tarawa a otal, a yi da Turanci, a watse. Alhali ka leƙa ɗakin kwanciya da tsakar dare ka ga mai aikin: mai jinya ce, uwa ko ƙanwa, da tabarmarta a gindin gado. Ita ke zubar da fo, ita ke goge amai, ta juyo ta dama kunu ta ba mara lafiyarta. In maƙwabciya za ta zagaya, ita za a miƙa wa jariri. Wa ya taɓa tsayawa ya nuna mata yadda ake wanke hannu? Haka masu shara da masu tura keken marasa lafiya. Su ma ma'aikatan, akwai mai zagaye ɗaki da safar hannu guda, ya kare kansa ya shafa wa kowa.

Roƙona shi ne ka ba da umarni kowace safiya, kafin zagayen likitoci, nas ɗaya ta tara masu jinya ta nuna musu a aikace, da Hausa, da Fulatanci inda ake buƙata. Sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, sanitaiza 20 zuwa 30, a cuɗa tsakanin yatsu da bayan hannu da babban yatsa, wanda aka fi mantawa. Mutanen da yawancinsu ke alwala sau biyar a rana ba za su sha wuyar ganewa ba.

Amma koyarwa ba ruwa wahalar banza ce. Bokitai masu famfo da suka cika ƙofofi lokacin korona a 2020, a dawo da su kowane ɗaki, a naɗa wanda zai riƙa cika su. Sanitaiza kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da yadda ake haɗa shi, masu haɗa magani na asibiti za su iya.

Ranar 5 ga Mayu ce ranar tsaftar hannu ta duniya. Ina roƙon kafin ta zagayo a fara wannan koyarwa a ɗakunan haihuwa na manyan asibitocin ƙananan hukumominmu 20. Allah ya taya ka riƙo.

Wassalam,
Wani mazaunin garin Bauchi