Wasiƙa kan wani fim na Kuroshiya

Abokina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya sanyin can? Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ku ladan jinya.

Wani fim ne na Kuroshiya ya hana ni sukuni, na ce sai na faɗa maka. Sunansa Sigurno mjesto, na 2022. Juraj Lerotić ya shirya shi a kan abin da ya sami ɗan'uwansa, kuma shi da kansa ya fito a matsayin Bruno. Labarin kwana guda ne tak. Damir, ɗan'uwan Bruno, ya yi yunƙurin kashe kansa a gidan bene a birnin Zagreb, Bruno ya zo a guje ya ɓalle ƙofa. Daga nan sai asibiti, tambayoyin 'yan sanda, jira a baranda, har Damir ya sulale ya nufi birnin Split, uwarsu da Bruno suka bi bayansa.

Yadda aka ɗauke shi ne ya taɓa ni. Kyamarar ba ta cika motsi ba. Sai ka hango mutum ta gilashi ko ta bakin ƙofa, bango ya tare rabin jikinsa. Damir ba ya ihu, magana ma a hankali yake yi, yana kallon 'yan'uwansa kamar mai jin nauyin wahalar da su. Ga gari cike da jama'a, ga likitoci, ga takardu, amma waɗannan mutum uku su kaɗai suke ɗauke da kayansu. Wallahi na tausaya wa uwar nan. Tana son ɗanta iya so, amma son bai nuna mata inda ciwon yake ba.

Fim ɗin ya ci kyaututtuka 3 a bikin fina-finai na Locarno, ciki har da ta Goran Marković mai fitowa a Damir, kuma ya cancanta.

Akwai kuma fim ɗin Hana Jušić na 2016, Ne gledaj mi u pijat: shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da uba a garin Šibenik, nauyin gida ya dawo kan 'yarsa Marijana. Wannan zai fi kusa da halin da kake ciki, don haka ka bari sai ranar da zuciyarka ta natsu. In ka kalla, ka kira ni mu tattauna.

A gaida iyali da yara.

Naka a kullum.