Mai jegon da ke shan magani a ɓoye

Assalamu alaikum Malam Edita,

Daga unguwar Birni nake rubuto maka, a nan Damagaram. Maganar ƙanwata ce, da izininta kuma, amma ba zan kama suna ba.

Wajen awon ciki aka gano tana ɗauke da ƙwayar cutar sida. Ungozoma ta kwantar mata da hankali, ta ce magani kyauta ne. In uwa ba ta sha, cikin jarirai 100 ana iya samun 15 zuwa 45 su kamu, in tana sha kullum kuwa ba su kai 5 ba. Har nono za ta ba ɗanta. Ta riƙe maganar hannu bibbiyu har Allah ya sauke ta lafiya.

A jego wahalar ta ɓullo. Ka san ɗakin mai jego: ga gwaggo, ga uwar miji, masu barka na shiga suna fita, ruwan wanka na kan wuta tun asuba. Ina za ta haɗiyi ƙwaya ido bai gani ba? Sai ta juye maganin cikin kwalbar farasitamol, ta tura ƙarƙashin kayan jariri. Wanda ake ɗiga wa yaron kuwa, ta ce na ciwon ciki ne.

Bayan suna ta daina cin abinci. Kunun kanwa ya huce a kwano, yaro na tsala kuka tana kallon bango, barci ya ƙaurace mata. Aka ce iska ce, aka kawo turare da rubutu. Ni ma haka na ce, Allah ya yafe mini. Sai wani dare ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, in gwajin sati shida ya nuna ya kamu, ni na cuce shi."

Damuwar bayan haihuwa, in ta wuce sati biyu, ciwo ce mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da irinta. Amma ranar awo yaro ake ɗorawa a sikeli, a yi masa rigakafi, ba mai ja uwa gefe ya ce ya kwanan zuciya. Roƙona ku gayyato ungozomomi da malamai su yi wannan magana a fili, kada a jira 1 ga Disamba, ranar yaƙi da cutar sida ta duniya.

Gwajin farko ya fito lafiya, muna jiran na bayan yaye. Maganin dai har yau yana cikin kwalbar farasitamol.

Taku,
wata mai sauraro daga Birni, Damagaram